Wai Me Za Ta Ci da Tarihi?

Ranar da na shaida wa Yaya a waya cewa 'yar farina ta zaɓi tarihi, sai da ya yi shiru har na ɗauka layin ne ya yanke. Da ya buɗe baki, cewa ya yi: "Kai da ka karanta shi, me ya tsinana maka? Yarinya ta samu hanyar zama likita a Amurka, ka zuba mata ido ta ɗauki labarin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya?" Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ita ta zaɓa da kanta." Ya ce ai nan ɗin ne laifina yake.

Ban ga baƙinsa ba. Shi ya riƙa biya mini kuɗin rajista lokacin da nake jami'a a Arewa, a shekarun 1990, kuma ya ga yadda na gama na yi ta yawo da takarda a hannu. Ya kuma san ba tarihi na nema ba. Lauya na cike a fom ɗin JAMB, da sunaye suka fito sai na tsinci kaina a sashen tarihi. Mafi yawan 'yan ajinmu haka suka shigo, wannan lauya ya so, wancan aikin jarida. Mun zauna a ajin kamar baƙin da mota ta lalace musu a wani gari, kowa hankalinsa na kan inda ya nufa tun farko.

Ita kuwa yarinyar nan, shekara biyu aka ba ta tana ɗanɗana fannoni kafin a ce ta tsayar da ɗaya. Makarantarta na cikin ƙananan kwalejojin nan na Amurka da ke ba da ilimi mai faɗi. Kada kalmar kwaleji ta ruɗe mu, cikakken digiri na shekara 4 suke bayarwa, sai dai yawancinsu a digirin farko suke tsayawa, kuma ɗalibansu ba su cika wuce 2,000 da 'yan kai ba. Irinsu ne Williams da aka kafa a 1793 da Amherst a 1821, duka a jihar Masacuset, da Oberlin a Ohayo, da Macalester a Minesota, inda marigayi Kofi Annan ya gama a 1961. A cikin kwasa-kwasai kamar 32 da ɗalibi zai yi, wajen 10 ne kawai na fanninsa. A shekararta ta farko ta yi sinadarai, ta yi lissafin ƙididdiga, ta fara Larabci, ta kuma shiga wani aji kan yaƙin basasar Amurka don kawai lokacinsa ya dace da jadawalinta. Wannan ajin ne ya sauya mata alƙibla.

Na tambaye ta abin da aka yi a cikinsa. Ta ce su 14 ne, sun kewaye tebur ɗaya da malamar. A mako na uku aka miƙa musu takardu uku. Ta farko ita ce sanarwar da jihar Karolina ta Kudu ta fitar a Disambar 1860 tana bayyana dalilin ɓallewarta, inda maganar bayi ta fito ƙarara. Ta biyu jawabin Alexander Stephens ne, mataimakin shugaban 'yan awaren Kudu, na watan Maris 1861, inda ya ce a kan bautar da baƙar fata aka aza harsashin sabuwar gwamnatinsu. Ta uku kuma wani yanki ne na littafin da shi Stephens ɗin ya rubuta bayan an ci su da yaƙi a 1865, yana mai cewa rikicin na 'yancin jihohi ne. Malamar ba ta ce musu ga mai gaskiya ba. Tambaya ta jefa musu: mutum ɗaya, baki biyu, wanne za ku kama, kuma da wace hujja? Suka yi awa ɗaya da rabi suna kai ruwa rana. Aka ce kowa ya rubuto shafi biyar. Da ta karɓi nata, jan biron malamar ya kusa fin baƙinta yawa, kuma a ƙasa an rubuta ta zo ofis ranar Laraba su tattauna.

Da ta gama ba ni labari na daɗe ban ce komai ba, domin abin da ya faɗo mini a rai shi ne wasiƙun Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno. Muna da irin waɗannan takardu, har ma sun fi nasu daɗin muhawara. Al-Kanemi ya rubuto yana tambayar hujjar yaƙar ƙasar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana Musulunci, yana cewa saɓo ba ya fitar da mutum daga addini. Bello ya mayar da martani cewa Barno ta mara wa sarakunan Hausa baya a kan Jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Kuma Bello da kansa ya sa maganar abokin jayayyarsa a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, har ta iso gare mu. Malamai biyu, kowa da alƙalaminsa, kowa da dakarunsa a bayansa. Ina ɗalibin da za a ajiye wa wannan a gabansa ya yi gyangyaɗi?

Amma ni a shekara huɗu da ɗoriya da na yi, saboda yajin aiki ya ƙara mana wa'adi, ba a taɓa ɗora mini waɗannan wasiƙu a hannu ba. A layi uku na handawut na san su. Muna cika ɗakin lakca maƙil, wasu a kan taga, malami na karantowa muna rubutawa. Ranar jarrabawa ka mayar masa da kayansa yadda ya ba ka. Mun haddace cewa an yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, an gwabza a Tabkin Kwatto a shekarar, Kano ta faɗa hannun Turawa a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka ƙare a Burmi a Yuli. Duk daidai ne. Sai dai babu wanda ya taɓa tambayarmu wa ya faɗa, ina yake tsaye lokacin da ya faɗa, me yake so a yarda da shi. Ba na zargin malamanmu. Mutumin da aka tara wa ɗalibai ɗaruruwa, albashi kuma ba ya kai shi ƙarshen wata, yaushe zai zauna ya bi rubutun kowa da jan biro?

Abin da ke ci mini rai shi ne, wannan hanya ta tsare takarda da tambaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ba a Zariya na yi karatu ba, amma duk wanda ya karanta tarihi a Arewa ya san abin da Abdullahi Smith ya gina a Jami'ar Ahmadu Bello bayan kafa ta a 1962, ya kuma san shi ya assasa Arewa House a Kaduna a 1970. Yusufu Bala Usman, Allah ya jiƙansa, a aikinsa kan Katsina bai ɗauki rahoton Bature a matsayin yankan wuƙa ba, bai kuma ɗauki labarin fada haka nan ba. Kowanne sai ya bincike shi ciki da bai. Kafin su duka akwai zaure. A karatun zaure ɗalibi da littafinsa yake zuwa, ya gurfana gaban malam, a bi shi layi-layi, malam ya san inda kowa ya tsaya jiya. Mutanen da suka gaji ilimin isnadi, masu tambayar wa ya ji daga wa, ba su ne za a koya wa tantance mai ba da labari ba. Teburin nan na mutum 14 da 'yata ta zauna a kai ya fi kama da zauren malamin unguwarmu fiye da ɗakin lakcar da na zauna. Bambancin da na gani guda ne: a can an yarda, har ma ana so, ɗalibi ya ce wa malami bai gamsu ba, muddin zai nuna shafi da layi.

Mu kuma sai muka bi ta wata hanyar. A shekarar karatu ta 2009/2010 aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Sassan tarihi da dama a jami'o'inmu sun liƙa wa sunansu hulɗar ƙasa da ƙasa don su samu masu nema. To yaron da bai taɓa haɗuwa da fanni a makaranta ba, ta yaya zai rubuta shi a fom yana ɗan shekara 17?

Kada a ɗauka na ce na Amurka ba shi da aibu. Kuɗin shekara ɗaya a manyan kwalejojin nan, da kwana da abinci, ya haura dala 80,000. Ba don tallafin da suke ba wa masu ƙaramin ƙarfi ba, da 'yata ko ƙofar ba za ta leƙa ba, kuma akwai iyalai da yawa da bashi ya yi wa katutu a kan wannan karatu. Su ma iyayen Amurkawa suna yin irin tambayar Yaya: tun bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008 masu karanta tarihi suka ragu ƙwarai. Sa'annan faɗin nan yana zuwa da rashin zurfi. Ƙaramin sashe ne, sau da yawa malami ɗaya ke riƙe da Afirka gaba ɗayanta, daga Masar har Kef. A kwas ɗin da ta yi kan Afirka ta Yamma, mako guda aka ba Daular Usmaniyya. Ni da na yi zango guda cur a kanta, ko da haddar ce, na fi 'yan ajinta sanin sunayen garuruwa da sarakuna da wa ya gaji wa. Wannan sanin ba abin yarwa ba ne. Mai tambaya da ba shi da komai a ka, tambayarsa ba ta nisa. Babban giɓinsu kuwa shi ne harshe. Ɗalibi zai yi muhawara mai kyau a kan ƙasar Hausa alhali duk abin da ya karanta fassara ce, wata ma fassarar jami'in mulkin mallaka, kamar yadda tarihin sarakunan Kano ya shiga Turanci ta hannun H. R. Palmer a 1908.

A nan ne nake ganin mun yi kwanan kaza a kan dami. Ɗan Kano ko Sakkwato ko Damagaram da ya yi makarantar allo yana shiga jami'a da abin da ɗalibin digiri na uku a Amurka ke kashe shekaru yana nema: Hausa a bakinsa, baƙaƙen Larabci a idonsa, tsofaffi a gidansu. Rumbun takardun ƙasa na Kaduna na nan, cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu na nan a Sakkwato, ga tarin littattafai a adakar gidajen malamai. Ba sai an gina sabon bene ba kafin a raba ɗalibai gida-gida, a miƙa wa kowane rukuni wasiƙa ɗaya, a ce su zo mako mai zuwa su kare abin da suka fahimta. Kuma da za a bar yaro ya yi ko da shekara ɗaya yana zagaya fannoni kafin a ɗaure shi, da sashen tarihi ya samu waɗanda suka zo don suna so.

Batun abin da za ta ci kuwa, na ba Yaya amsar da nake da ita. A Amurka ba a shiga karatun lauya ko likita sai bayan digirin farko, kuma da digirin tarihi ana shiga duka biyun, in dai mai son likitanci ya haɗa da darussan kimiyyar da ake buƙata. Wanda aka horar ya karanta shafi ɗari, ya tsamo abin da ke ciki, ya gane inda aka yi masa rufa-rufa, ya rubuta a shafi biyu, ba zai rasa mai nemansa ba. Yaya ya ce Allah ya sa. Na ce amin.

Yanzu tana shekarar ƙarshe, tana rubuta kundinta a kan fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja: yadda ayari ke bi har Salaga da ke Gana ta yau, yadda kasuwar ta fara ja baya bayan Ingilishi sun ci Asante a 1874, da yadda yaƙin cikin gida na 1892 ya watsa fatake zuwa Kete-Karachi da sauran zangogi. Kakan mahaifiyata falke ne a wannan hanya, don haka duk Lahadi sai ta kira Hajiya ta WhatsApp, tana tambaya da Hausarta mai ɗan tsami, Hajiya na gyara mata tana ba ta labari. Malamarta ce ta gaya mata cewa a Jami'ar Northwestern da ke Ebanston, kusa da Shikago inda muke zaune, akwai littattafan Malam Umar Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano da ya rasu a 1962, rubuce-rubuce sama da 3,000, na Larabci da na ajami. Shekara da shekaru ina wucewa ta unguwar ban taɓa shiga ba.

A hutun hunturu muka je tare. Aka fito mana da wata waƙar Hausa da ajami, takardar ta yi ja don tsufa. Larabcin aji bai ishe ta karanta rubutun hannu irin namu ba, sai ta turo mini. Ban ko yi tuntuɓe ba, hannun irin na allon da na taso da shi ne. Na karanta mata baiti-baiti cikin ƙasa da murya, tana rubutawa da boko. Da na kai ƙarshe na ɗago kai, ina jin an gama. Ita kuwa sai ta sa yatsa kusa da gefen shafin, inda wani ya ƙara 'yan kalmomi da tawadar da ta fi ta cikin baƙi. Ta ce, "Baba, wannan ba hannun mai waƙar ba ne. Karanta mini shi ma, sannan mu duba bayan takardar ko mai kwafin ya sa sunansa."