Ku daina cewa in turo muku wayar gem daga Chana

Tun da aka san a Guangzhou nake zaune saƙo ɗaya ne ba ya yankewa a wayata, daga ƙanne, 'ya'yan yayye, abokan ƙanne, har da waɗanda ban san inda suka samo lambata ba. Yaya don Allah nawa Red Magic take a can, Kawu ka duba min ROG Phone ko da ta hannu ce, wai so suke su riƙa cin mutane a PUBG da Call of Duty. To yau dai bari in rubuta amsar a fili kowa ya karanta in huta: wayar da ke hannunku ba ita ke sa ana cinye ku ba, kuma ko na turo muku wadda ta fi kowace tsada a Shenzhen haka za a ci gaba da harbe ku kafin ku ga mai harbin.

Abin da zai ba ku mamaki ma, Tecno da Infinix da itel ɗin da kuke rainawa, duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, kuma hedikwatarsa na Shenzhen, tafiyar wajen rabin awa daga nan a jirgin ƙasa mai gudu. Amma ka tare ɗan Chana a titi ka ce masa Tecno, wallahi kallonka kawai zai yi, don ba a kasuwarsu ake sayar da su ba. Su Huawei da Xiaomi da Oppo da Vivo da iPhone suka sani. Kamfanin tun 2006 ya fara, ya zaɓi Afirka, yanzu kusan rabin manyan wayoyin da ake sayarwa a nahiyar nasa ne, kuma ba da sa'a ya kai nan ba, zama suka yi suka kalli yadda muke rayuwa. Sim biyu saboda layi ɗaya ba ya riƙe mutum, batir ƙato mai 5000mAh saboda sun san wuta sai an ga dama, kyamarar da aka saita ta fito da fuskar baƙin mutum, sifika mai ƙara. Har wayar gem sun yi, Infinix GT, tun 2023. Wato wayar da aka ɗinka daidai jikinku ce kuke son ajiyewa ku ɗauki wadda aka yi wa yaron da ke zaune a ɗaki mai esi da wayifai.

Sannan akwai abin da masu cewa a turo ba su sani ba. Wayar da aka yi don kasuwar cikin Chana ba ta zuwa da Play Store, domin Google ba ya aiki a ƙasar gaba ɗaya, kowane kamfani da nasa shagon manhajoji. Wasu ana iya yi musu dabara a saka, wasu kuma kamar Huawei tun da Amurka ta saka musu takunkumi a 2019 sai dai haƙuri. Ko an saka ɗin ma sai ka ga saƙo ba ya shigowa sai ka buɗe manhajar da kanka, manhajar banki ta ƙi tashi, rubutun Chanisanci na leƙowa ta ko'ina. Akwai ɗan uwanmu da ya nace aka kai masa irin wannan, sati bai rufa ba ya fara neman mai saye. In kuma ta faɗi sikirin ya fashe fa? Je ka Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, ka ce kana neman sikirin ɗin wayar da ke da fanka a cikinta, za su yi maka dariya su ce sai an yi oda, alhali na Infinix kafin ka gama shan ruwan leda an canja maka.

Yanzu ga ainihin inda gizo ke saƙar. Lambar nan da ke gefen sikirin in kana wasa, fing, mai ms a gabanta, ita ce lokacin da saƙo ke ɗauka daga wayarka zuwa saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da gem ɗin, ya dawo. A nan in na shiga gem ɗinsu na gida 20 zuwa 30 nake gani, kore shar, don sabar na cikin ƙasar, wani lokaci ma cikin lardin. A gida kuwa da na zo hutu na karɓi wayar ƙanina, sama da 100 ne in an yi sa'a, da magariba kuma lokacin da kowa ya hau netwok sai ta koma ja, mutum ya daskare a tsakiyar fili, kafin ya motsa an riga an kwashe kayansa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku irin su MainOne da Equiano a Legas suke sauka, daga can sai an ja su kusan kilomita 1000 kafin Kano, in kuma gem ɗin ya haɗa ka da saba a Turai to sai saƙonka ya je Legas ya tsallaka teku ya dawo a kan kowane harsashi ɗaya. Kun tuna Maris ɗin 2024 da wayoyin tekun suka yanke, har bankuna suka tsaya? To wannan babu ram ɗin waya, wato ƙwaƙwalwar da ke sa ta sauri, da zai gyara shi, ko giga 24 ne. Chana ta buɗe 5G tun ƙarshen 2019, yau har cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa yara ke buga Honor of Kings ba ya ko tari. Mu MTN ta fara a 2022, Airtel a 2023, amma unguwa nawa ya kai, kuma mutum nawa ke da wayar da za ta kama shi.

Sai wuta. A nan ban taɓa tsayawa ina lissafin kaso nawa ya rage min ba, duk shagon shayi da gidan abinci da tasha akwai akwatin fawa bank na haya, ka haska lamba da WeChat ko Alipay ya tofo maka ɗaya, in ka gama ka mayar a wani akwatin ko a wata unguwar ce. A gida yaro zai kai wayarsa wajen mai caji da safe, a manna mata lamba a jera ta cikin wayoyi hamsin a kan janareto, ya karɓo da yamma, sannan ya zauna yana tunani, in buga gem awa biyu ta mutu ko in bar ta saboda kiran dare. Wayoyin gem ɗin da kuke so kuwa cin batir suke ba sani ba sabo, an yi su ne da tunanin soket na kusa da kai. A Oktoban 2024 da layin wutar Shiroro zuwa Kaduna ya samu matsala Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu, a irin wannan lokacin mai ƙaramar itel ya fi mai ROG Phone kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Ga zafi, a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato waya na aljihu ma ɗumi take, balle ka ɗora mata gem mai nauyi, da ta ji zafi da kanta take rage gudu don kar ta ƙone, sai ka ji yaro na cewa wayar ce ba ta da kyau. Sayen irin wannan waya a wannan hali kamar ka sayi ingarman doki ne ka ɗaure shi a gidan da babu ko damin harawa.

Data kam ba sai na faɗa ba, tun da aka amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025 kowa ya ji a jikinsa. Da Black Myth: Wukong ya fito a Agustan 2024 garin nan kamar ana sallah, kwafi miliyan 10 suka sayar cikin kwana uku, abokan aikina 'yan Chana har da masu ɗaukar hutu don su zauna su buga. Gem ɗin yana neman wajen giga 130 a kwamfuta. Su da daddare suka danna suka kwanta, da safe ya sauka. Ka lissafa giga 130 da kuɗin datar gida ka gani. Shi ya sa ni ban ga laifin masu Free Fire ba ko kaɗan, duk da gorin da 'yan PUBG ke musu wai gem ɗin yara ne, Garena sun yi shi ne don ƙananan wayoyi, wasa ɗaya minti goma an gama, kuma shi ya dace da aljihun yawancinmu.

Amma fa kar a ɗauka komai na nan ya fi. PUBG ɗin waya da kuka sani babu shi a Chana, tun 2019 kamfanin Tencent ya cire shi ya kawo wani mai suna Game for Peace, taswira kusan iri ɗaya amma an wanke shi tas, lokacin da ya fito in ka harbe mutum ba jini, zama yake ya ɗaga maka hannu ya yi bai-bai. Ni in ina son in buga da 'yan gida sai na bi ta VPN, manhajar da ke tsallake shingen intanet ɗin Chana, sai fing ɗina ya fi naku lalacewa. Kuma kowane gem sai ka yi rajista da sunanka na gaskiya da katin shaida, baƙo mai fasfo yakan sha zagaye kafin ya shiga.

Dokar yara ita ce ta fi ɗaure min kai. Tun Agustan 2021 duk wanda bai kai shekara 18 ba awa ɗaya kacal aka yarda ya buga gem na intanet, daga takwas zuwa tara na dare, Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutun ƙasa, wato awa uku a sati. Har da duba fuska ta kyamara don kama yaron da ya shiga da sunan babba, su kuma yaran sai su lallaɓa su ɗauko katin kaka. Na san akwai iyaye a gida da za su ce ina ma a kawo mana wannan, ni dai ban goyi baya ba. Wanda zai ƙwace waya a hannun yaro in an kira sallah ko lokacin islamiyya ya yi ai yana cikin gidan, ba sai hukuma ta san fuskar ɗanka ba. Kuma mu da rajistar NIN da sim kaɗai ta sa mutane suka kwana a layi, wa zai riƙe wannan tsarin.

Abin da na fi kewa kuwa gidan gem ne. Mutane da yawa ba su san cewa daga 2000 har zuwa 2014 haramun ne sayar da na'urorin gem irin PlayStation a Chana ba, shi ya sa suka taso a kan kwamfuta da waya. A daidai waɗannan shekarun mu kuma kowane lungu da shagonsa, talabijin mai ƙeya guda uku, PS2, benci, labule a ƙofa, janareto na kuka a waje, ana Winning Eleven da PES. Wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya zauna, hannun gem ɗin an naɗe shi da salatif maɓallin gudu ya lotse, kowa na rigimar shi zai ɗauki Barcelona, wani na tsaye a bayanka yana cewa buga mana buga mana kamar shi ya biya. In aka zura maka huɗu sai unguwa ta yi kwana uku tana maganar. A nan ka shiga gidan kwamfutarsu, kujeru masu laushi, sikirin ƙato, sanyi kamar firji, mutum ɗari a zaune kowa da abin kunne ba mai ce wa wani uffan. Kayan aiki kam sun fi mu, amma ni ban taɓa fita daga can ina dariya ba.

Inda suka yi mana nisa na gaske shi ne su sun mayar da abin sana'a. Call of Duty Mobile ɗin da kuke kwana a kai, situdiyon TiMi na Tencent ne ya haɗa shi. A gasar wasannin Asiya da aka yi a Hangzhou a 2023 har lambar zinare aka raba a kan gem. Yaro a nan zai ce wa babansa zane-zanen gem yake son karanta a jami'a kuma a zauna a saurare shi. Mu har gobe ɗan gem sunansa marar aikin yi, duk da cewa a Legas akwai irin su Maliyo Games da suka kai har Disney ta yi aiki da su. Kuma ba basira muka rasa ba, na shiga Huaqiangbei, kasuwar wayar da ake ji da ita a duniya, na ga masu gyara da madubin ƙara girma da injina, na kuma ga yaro a Farm Centre da ɗan ƙarfen narka dalma da fitilar waya ya tayar da allon da aka ce ya mutu.

Kuɗin da za ku tara ku ba ni na wayar nan da kuɗin kago, in ku huɗu ne ko biyar, ya isa ku sayi PS4 ta hannu da talabijin da ƙaramin sola. Ku samu mai gidan kallon ƙwallo na unguwarku, ai daga Litinin zuwa Alhamis da rana wajen a rufe yake ba abin da ake nunawa, ku yi magana da shi ku riƙa haɗa gasar gem ɗin ƙwallo irin FC ko eFootball ido da ido, kowa ya sa ɗari biyar, wanda ya ci ya kwashe rabi, sauran a biya mai wuri a sayi sabon hannu. Wannan ba ruwansa da fing, ba ruwansa da data, kuma in unguwa biyu suka fara ta uku da kanta za ta aiko a saka ta.