Ba sai ka shiga jim ba kafin motsa jiki ya rage maka damuwa

Abin nan yana ɗan ɓata min rai, yadda mutane da yawa suka ɗauka motsa jiki ba ya amfani sai an je jim, wato gidan motsa jiki, an ɗaga ƙarfe an haɗa gumi sharkaf. Na gane dalili, abin da muke gani a waya kenan, kuma wanda ya dawo aiki a gajiye ina zai samo wannan ƙarfin?

Amma ba haka abin yake ba. Idan damuwa ta kama mutum jiki yana sakin sinadarai irin su adirenalin da kotisol, zuciya ta dinga bugawa, wuya da kafaɗu su ɗaure kamar za ka yi gudu alhali kana zaune. Tafiya da ɗan sauri ma tana sassauta wannan, kuma barci yakan zo da sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako ga manya, matsakaicin motsi, ana iya rarraba shi.

Ka ɗauki wanda aka ɓata wa rai a wajen aiki, ya ajiye waya ya zaga na minti 10 ya dawo. Matsalar tana nan, amma kafaɗunsa sun saki, numfashinsa ya daidaita.