Mabiyin Keynes ba ɗan gurguzu ba ne

A majalisun hira na Bauchi, da mutum ya ce gwamnati ta ƙara kashe kuɗi don samar da ayyukan yi, sai a ce masa ɗan Markisanci. Wannan kuskure ne, domin ra'ayin Keynes ne ba na Marx ba, kuma yana ɓata muhawara.

A nan ɗafin "-anci" aƙida yake nunawa: Markisanci tafarkin Karl Marx ne, wanda ya ce mai jari yana cin ribar gumin ma'aikaci, mafita kuwa masana'antu su koma hannun ma'aikata.

John Maynard Keynes, masanin tattalin arziki na Ingila, bai nemi rushe jari-hujja ba. A 1936, bayan karayar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929, ya nuna cewa idan ciniki ya tsaya, gwamnati ta kashe kuɗi, ko da bashi ne, a hanyoyi da gine-gine, har kuɗi su koma hannun jama'a. Gyara yake so.

A kuma bambanta masani da mabiyi. Malamin da ke koyar da ra'ayin Marx a jami'a masaninsa ne; sai ya yarda da shi, yana kare shi, sannan a kira shi ɗan Markisanci.