Idan bututun mai ya fashe a gonakinmu, wace hanya ce mai arahar gaskiya?

Tun da aka fara tura ɗanyen man Agadem na gabashin Nijar zuwa tashar jiragen ruwa ta Seme a ƙasar Benin a shekarar 2024, mu ma mutanen jihar Maradi mun shiga sahun waɗanda mai ke ratsawa ƙarƙashin gonakinsu. Tsawon bututun ya kai kusan kilomita 2,000, kuma a watan Yunin 2024 aka fasa shi a yankin Tasker na jihar Damagaram. Saboda haka tambayar yadda za a gyara ƙasar da mai ya ɓata ta riga ta zama tamu.

Hanyar da ta fi tsada ita ce a kwashe ƙasar da manyan motoci, a kai ta inda za a gasa ta a injin har man ya fita. Aikin yana sauri, amma ƙasar tana fitowa a mace, ba sauran taki a jikinta. Hanyar da ta fi sauƙin kuɗi kuwa manomi ya riga ya san rabinta: a yi ta juya ƙasar don iska ta shiga, a zuba taki, a riƙa yayyafa ruwa, ƙananan halittun da ido ba ya gani su cinye man a hankali cikin watanni.

A nan ne nake jin tsoro, domin duk mai biyan kuɗin gyara zai so ya tsaya a wannan huɗar ta sama. An gwada hakan a ƙasar Ogoni ta kudancin Najeriya. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 ya nuna cewa dabarar ba ta yi aiki ba, saboda a wurare da dama man ya nutse fiye da mita 5, inda garma ba ta kaiwa. A garin Nisisioken Ogale an sami sinadarin benzin mai haddasa ciwon daji a ruwan rijiyoyi ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, aka kuma ƙiyasta cewa gyaran yankin zai ci shekara 25 zuwa 30. Araha ba ta ado.

Tamu ƙasar ma jigawa ce. Wanda ya taɓa tona inda bakanike ke zubar da baƙin mai ya san abin da nake nufi: sama ta bushe ta yi ɓawo, amma da ka kafa hauya sai ka tarar da rairayi baƙi ƙirin yana wari har ƙasa. A fadamun Gulbin Maradi da Gulbin Kaba ruwa yana kusa, kuma ruwan sama ɗaya mai ƙarfi na iya tura man zuwa rijiyar da mutane da dabbobi ke sha.

A ganina abin da ya dace da mu shi ne a haɗa hanyoyin biyu. A kwanakin farko a tsotse man da ya taru, a tone ƙasar har inda ya tsaya, a jibge ta a kan leda mai kauri nesa da fadama, a cakuɗa ta da kashin shanu da na kaji da ƙaiƙayi. Zafin garinmu yana taimaka wa waɗannan halittu, amma da tulin ya bushe aiki ya tsaya, don haka dole kuɗin ruwan rani ya shiga lissafi tun farko. Taki da ƙwadago duk akwai su a ƙauyukanmu, sai dai a ba masu aikin safar hannu da takalma da takunkumi.

Kada kuma a yarda kamfanin da ya yi gyaran ya zama shi ne mai shaidar cewa gona ta gyaru. A ɗebi ƙasa daga zurfi daban-daban a gaban mai gona da maigari, a kai wa masu awo da ba su da hannu a kwangilar. Ruwan rijiyoyin da ke kusa da bututun kuwa a auna shi tun yanzu, a ajiye sakamakon a ofishin magajin gari, domin ranar da aka zo maganar diyya manomi ya sami takardar da zai nuna.