Ba ƙin araha ne ya sa Inglewood ta ƙi Walmart ba

Mutane da yawa na ɗauka cewa idan unguwa ta ƙi a gina mata katafaren kantin araha, to masu hannu da shuni ne ke yanga, ko 'yan tireda ke kishi. Abin da ya faru a Inglewood, kusa da Los Angeles a Amurka, bai goyi bayan wannan zato ba. Gari ne na ma'aikata, galibinsu baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka, mutanen da ragin farashi zai amfana.

A Afrilun 2004 kusan kashi 60 cikin 100 na masu zaɓe suka ƙi amincewa da shirin Walmart, kamfanin manyan kantunan araha na Amurka, na gina katafaren kanti a garin, duk da kamfanin ya kashe sama da dala miliyan 1 wajen kamfe. Me ya jawo? Ƙudurin da ya kawo zai ba shi damar gina eka 60 ba tare da binciken muhalli, nazarin cunkoson motoci ko zaman jin ra'ayin jama'a ba. Wato a ba shi dama, a kuma ɗaure hannun hukumar gari.

Ga kuma batun albashi. Ba a daɗe da gama dogon yajin aikin ma'aikatan manyan kantunan abinci na yankin ba, kuma suna tsoron kamfanin da ba ya karɓar ƙungiyar ƙwadago zai karya musu albashi.