"An samu jinkiri": a ina aka same shi?

Jiya da safe a teburin mai shayi a Jekadafari, cikin garin Gombe, rediyo na ta karanta labarai, na ƙirga sau uku mai karatun ya ce "an samu jinkiri". Wani dattijo da ke gefena ya ajiye kofinsa ya ce, "Ɗan nan, wai shi jinkirin nan a ina ake samunsa ne? A hanya ake tsinta?" Aka kwashe da dariya. Ni dai har na koma gida maganar ba ta bar ni ba.

Ku lura da yadda ake faɗa mana. An ɗage. An samu tsaiko. An jingine aikin. Kullum "an". Ba a cewa wane ne ya ƙi sa hannu, wace ma'aikata ce ba ta saki kuɗi ba, wane ɗan kwangila ne ya karɓi kafin alƙalami ya kwashe motocinsa. Sai jinkiri ya zama kamar hazon hunturu, ya sauko da kansa, ba mai laifi.

Kuma jinkiri iri-iri ne. A 2019, muna barci, da tsakar daren ranar 16 ga Fabrairu INEC ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa zuwa 23 ga wata. Ya yi ciwo, musamman ga waɗanda suka biya kuɗin mota suka taho gida don jefa ƙuri'a, amma an faɗi rana, ranar kuma ta zo. Wannan da sauƙi. Wanda ke cin rai shi ne marar rana. Ƙidayar jama'a da aka shirya farawa 3 ga Mayu 2023, kwanaki kaɗan kafin lokacin aka ce an ɗage sai sabuwar gwamnati ta sa lokaci. Rabonmu da ƙidaya tun 2006. Yaron da aka haifa a shekarar yanzu ya isa aure, amma da lissafin wancan lokaci ake kintacen yawan ajujuwa da gadajen asibiti da muke bukata.

Mu a nan ba sai mun je nesa ba. Madatsar Dadin Kowa tun shekarun 1980 take tsaye da ruwanta, amma sai da aka haura shekara 30 kafin injinanta na megawat 40 su fara ba da wuta. Madatsar Kafin Zaki a Bauchi kuwa, tun zamanin Shagari ake jin gafara sa, har yau ba a ga ƙaho ba. To ita wannan akwai dalili mai nauyi a bayanta: mutanen Yobe da na fadamun Hadeja zuwa Nguru suna tsoron a tare musu ruwa. Magana ce ta gaske. A fito a faɗe ta haka mana, ko a ce an fasa, maimakon duk kakar zaɓe a sake ɗauko ta a karkaɗe ƙura. Aikin haƙar man fetur na Kolmani ma da Buhari ya ƙaddamar a Nuwamban 2022, wa ya zo ya yi wa mutanen Alkaleri, yankin da ake aikin, bayani dalla-dalla inda aka kwana?

Abin da ya fi ba ni haushi, mu da kanmu muke taya su. Kawuna ya yi ritaya, ya yi shekara huɗu yana zarya wani ofis neman garatutinsa. Yau fayil yana sama, gobe oga ya yi tafiya. Ledar da yake zuba takardunsa har ta koɗe, ya ɗaure ta da kyauro. Duk ranar da ya dawo, sai a ce, "Haƙuri Kawu, wani jinkirin alheri ne." Wannan magana ta tawakkali ce, wurinta abin da Allah Ya jinkirta, irin haihuwa ko saukar damina. Fayil da mutum ya zauna a kai yana jiran na goro, sunansa danne haƙƙi.

Don haka 'yan'uwana 'yan jarida, har da mu masu yaɗa labari a Facebook, in sanarwa ta zo da "an samu jinkiri", kada mu kwafe ta haka. A tambayi wa ya jinkirta, me ya sa, sai yaushe. In sun ƙi amsawa, a rubuta cewa sun ƙi.

Kawu dai ya ce Litinin zai sake komawa. Ni zan kai shi a mashin.