Hisfanik da Chamorro a Amurka: Kama da Wane Ba Ta Wane

Duk wanda ya duba sunayen mutanen tsibirin Guam, wani yankin Amurka da ke tekun Fasifik, zai ci karo da Cruz da Santos da Camacho da Perez, kuma matar da ta hau kujerar gwamnan tsibirin a 2019 sunanta Lourdes Leon Guerrero. Mafi yawansu mabiya ɗarikar Katolika ne, kowane ƙauye yana da bikin waliyyinsa na shekara, harshensu kuma cike yake da kalmomin Sifaniyanci. Wannan ya sa wasu masu sharhi a kan rayuwar tsiraru a Amurka suke jefa Chamorro, wato 'yan asalin Guam da tsibiran Mariana, cikin kwando ɗaya da al'ummar Hisfanik, wato masu asali daga ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci, su jera alkaluman talauci da na albashi, su ce ai matsalar iri ɗaya ce. A ganina wannan kuskure ne, kuma yana rufe ainihin abin da yake damun mutanen Chamorro.

Asalin kamannin ba ɓoyayye ba ne. Matuƙin jirgin ruwa Magellan ya sauka a Guam a 1521, limamin nan ɗan Sifaniya Diego Luis de San Vitores ya kafa mishan a 1668, sannan yaƙe-yaƙe da cututtukan da baƙi suka kawo suka cinye jama'a har ya zamana 'yan dubbai kaɗan suka rage a farkon ƙarni na 18. Jiragen ruwan fatauci da suke zirga-zirga tsakanin Acapulco ta Meziko da Manila ta Filifin sun riƙa yada zango a tsibirin har zuwa 1815, kuma ta nan ne masara da sunaye da wasu al'adu suka shigo. Amma harshen Chamorro ɗan'uwan harsunan Filifin da Indonesiya ne, mutanen kuma sun shafe dubban shekaru a tsibiransu kafin wani Bature ya gan su. Bahaushen da ake kira Abubakar, yake ƙirga ashirin da talatin da kalmomin Larabci, bai zama Balarabe ba, haka shi ma Bachamoren da ake kira Santos.

Sai batun yawa, wanda shi kaɗai ya isa ya sa mai kwatance ya yi hattara. Ƙidayar 2020 ta sami 'yan Hisfanik miliyan 62 a Amurka, kusan kashi 19 cikin 100 na jama'ar ƙasar, kuma kusan kashi 60 cikin 100 nasu 'yan asalin Meziko ne. A wannan ƙidayar mutanen Guam baki ɗaya ba su cika dubu 154 ba, Chamorro kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na wannan adadi, sauran 'yan Filifin ne da mutanen Chuuk da wasu tsibirai da fararen fata da sauransu. Arewacin Mariana, wani yankin Amurka da ke maƙwabtaka da Guam, yana da mutum kimanin dubu 47. Masu jinin Chamorro da suke zaune a jihohin Amurka, a San Diego da jihar Washington da Texas da Las Vegas, sun haura dubu 140, wato sun fi waɗanda suka rage a gida yawa.

Ita kanta Hisfanik ba al'umma ɗaya ba ce, rukuni ne da gwamnati ta tsara a 1977 domin tattara alkaluma, aka kuma fara tambayar kowa da kowa a kansa a ƙidayar 1980. A cikinsa akwai ɗan Kyuba na Miami wanda dokar 1966 ta sauƙaƙa wa iyayensa samun takardar zama, akwai ɗan Guatemala da yake aiki a masana'antar sarrafa nama ba shi da takarda ko ɗaya, akwai iyalan New Mexico da kakanninsu suke wurin tun kafin yarjejeniyar 1848 ta mayar da yankin hannun Amurka, akwai kuma 'yan Puerto Rico da suka zama 'yan ƙasa tun 1917. Matsakaicin da aka fitar daga waɗannan mutane bai yi kama da rayuwar kowannensu ba.

Duk da haka mu duba alkaluman, tunda a kansu masu kwatancen suka dogara. A 2023 talauci a Amurka baki ɗaya ya tsaya a wajen kashi 11 cikin 100, na 'yan Hisfanik kuma ya kusa kashi 17. A Guam ƙidayar 2020 ta nuna mutum ɗaya cikin biyar yana ƙasa da layin talauci, a Arewacin Mariana kuwa kashi 38 ne. Matsakaicin kuɗin shigar gida a ƙasar ya ɗan haura dala dubu 80 a 2023, na gidajen Hisfanik wajen dala dubu 65, na Guam kuma wajen dala dubu 58 a 2019. Wanda ya tsaya a nan zai ce tazarar ba ta da yawa. Sai dai adadin Guam na duk mazauna tsibirin ne, ba na Chamorro kaɗai ba, sannan dala a Hagåtña, babban birnin Guam, ba ta sayen abin da take saye a San Antonio ta jihar Texas, domin mafi yawan abinci da man fetur da kayan gini ta jirgin ruwa suke zuwa, kuma dokar sufurin ruwa ta 1920 ta tanadi cewa kayan da aka ɗauko daga tashoshin Amurka sai jirgi mai tutar Amurka zai kawo su. Wani abin lura kuma shi ne, binciken shekara-shekara da hukumar ƙidaya take yi a kan rayuwar gidaje, wanda ya haɗa da jihohi hamsin da Puerto Rico, ba a yin sa a Guam. Ana sanin halin 'yan Hisfanik kowace shekara, amma mutanen Guam sai sun jira shekara goma. Kafin 1997 ma a rukuni ɗaya ake ƙirga mutanen tsibiran Fasifik da 'yan Asiya, alkaluman masu hali na can suna lulluɓe nasu.

Talaucin ɗan Hisfanik, a mafi yawan lokuta, tushensa takarda ce da irin aikin da aka bar masa. Daga 1942 zuwa 1964 shirin Bracero ya shigo da ma'aikatan gona daga Meziko a kan kwangiloli fiye da miliyan huɗu, kuma har yau gonakin California da wuraren gini da otal-otal da gidajen abinci da guminsu suke tafiya. Miliyoyinsu ba su da izinin zama, saboda haka ba sa iya kai ƙarar mai gidan da ya danne musu haƙƙi, kuma a cikin manyan rukunonin jama'ar ƙasar suna sahun gaba wajen rashin inshorar lafiya. Wannan wahala ce ta gaske, ba na raina ta. Amma akwai tsani a gabansu. Kusan kashi biyu cikin uku na 'yan Hisfanik a Amurka aka haife su, fiye da miliyan 36 daga cikinsu sun cancanci jefa ƙuri'a a zaɓen 2024, kuma babu ɗan takarar shugaban ƙasa da zai shiga Arizona ko Nevada ko Florida bai lallashe su ba. Sonia Sotomayor, 'yar Hisfanik, alƙaliya ce a Kotun Ƙoli tun 2009. Kuɗin da ake aikawa Meziko daga waje ya haura dala biliyan 63 a 2023, kusan duka daga Amurka. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma su sun samu yawan.

Shi Bachamore bai tsallaka iyakar kowa ba, a gida aka same shi. Bayan yaƙin Sifaniya da Amurka, yarjejeniyar Paris ta 1898 ta miƙa Guam ga Amurka tare da Puerto Rico da Filifin, aka kuma damƙa tsibirin a hannun rundunar sojan ruwa, hafsan soja ɗaya shi ne gwamna kuma shi yake yin doka. An hana yara magana da harshensu a makaranta. Japan ta mamaye tsibirin daga Disambar 1941 zuwa Yulin 1944, ta yi wa mutane aikin tilas da kisa, kuma sai a 2016 majalisar Amurka ta amince a biya waɗanda suka tsira diyya, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Bayan yaƙin sojoji suka karɓe filaye masu yawa. Mutanen garin Sumay da ke bakin tashar ruwa ta Apra ba a bar su sun koma gidajensu ba, aka mayar da su Santa Rita, garinsu kuma ya shige cikin sansanin sojan ruwa. Har yau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tsibirin da faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 550 ba yana hannun soja. Mutanen da suke ciyar da kansu da noma da kamun kifi suka koma 'yan albashi masu cin abincin gwangwani cikin ƙarni ɗaya, kuma ciwon sukari da ya addabe su yau bai rasa nasaba da wannan sauyi ba.

Dokar 1950 ta ba su zama 'yan ƙasa, amma irin zaman da bai cika ba. Mazaunin Guam ba ya zaɓen shugaban ƙasa, wakilinsa a majalisar wakilai ba ya jefa ƙuri'a idan an zo zartar da doka, ba shi da sanata, kuma gwamna ma sai a 1970 aka bar shi ya zaɓa. Tushen wannan shi ne hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli da suka faro daga 1901, waɗanda suka ce irin waɗannan yankuna mallakar Amurka ne amma ba duk tsarin mulkinta ne ya shafe su ba. Abin ya sauko har cikin aljihu. Tallafin da gwamnatin tarayya take bai wa tsofaffi da naƙasassu marasa galihu ba ya isa Guam da Puerto Rico, kuma a 2022 Kotun Ƙoli ta ce majalisa tana da ikon yin hakan, alƙalai takwas suka amince, Sotomayor kaɗai, wadda iyayenta 'yan Puerto Rico ne, ta ƙi. Kuɗin kiwon lafiyar talakawa da ake bai wa tsibiran yana da iyakar da ba a sa wa jihohi ba. Matasan Guam suna shiga soja da yawan da jihohi kaɗan ne suke kamo su, amma tsohon sojan da yake buƙatar babban asibitin tsofaffin sojoji sai ya tafi Hawaii, tafiyar kusan kilomita 6,000.

Ga inda abin ya fi ɗaure mini kai: duk wannan tauyewa a kan wurin take, ba a kan mutumin ba. Ranar da Bachamore ya kama haya a San Diego ya yi rajista, zai zaɓi shugaban ƙasa, zai samu sanata, tsohuwarsa naƙasasshiya za ta cancanci tallafin da aka hana ta a ƙauyenta. Ɗan Meziko yana barin ƙasarsa ya shiga wata domin neman abinci, amma yana barin ƙasa mai tuta da gwamnati da za ta ci gaba da zama ta 'yan Meziko ko ya dawo ko bai dawo ba. Shi Bachamore tsarin yana saka masa da alheri idan ya tafi, kuma duk wanda ya tafi yana ƙara rage kason danginsa a tsibirin da ba su da wani bayansa. Haka batun harshe yake: jikan ɗan Hisfanik yana iya manta Sifaniyanci, amma harshen yana da masu magana da shi wajen miliyan 40 a cikin Amurka kaɗai, ga tashoshin talabijin na Univision da Telemundo. Masu jin Chamorro sosai 'yan dubbai goma-goma ne, yawancinsu dattawa.

Adalci ne a faɗa cewa ba duk Chamorro ne suke kallon soja a matsayin abokin gaba ba. Ranar 21 ga Yuli, ranar da sojojin Amurka suka dawo a 1944, ita ce babban bikin tsibirin, kuma da wuya a sami gidan da ba shi da soja ko tsohon soja. Da yawon buɗe idon Japanawa da Koriyawa ya durƙushe a 2020, guguwar Mawar kuma ta biyo baya a Mayun 2023, kuɗin soja ne ya riƙe tattalin arziki, ga aikin sabon sansanin Camp Blaz da ake ginawa domin dakarun Amurka da aka fara kwasowa daga Okinawa ta Japan a 2024. Sai dai alawus ɗin gidan da ake bai wa sojoji shi ne kuma yake ɗaga kuɗin haya sama da ƙarfin malamin makaranta ɗan gari. Abin da yake tallafar iyalai a wannan matsi shi ne zumunci, musamman al'adar chenchule', gudummawar da ake kai wa juna a biki da rasuwa, wadda ake riƙe lissafinta domin a rama, kuma a nan kam sun yi kama da gidajen Hisfanik da suke haɗa kaka da jika a rufi ɗaya.

Babbar hujjata cewa maganin ɗaya ba zai yi wa ɗayan ba ita ce dokar hana wariyar launin fata. Ita ce makamin 'yan Hisfanik: a 1947 shari'ar Mendez ta rushe ware 'ya'yan 'yan Meziko a makarantun wasu gundumomin California, a 1954 Kotun Ƙoli ta ce ba za a hana su zama cikin masu taya alƙali yanke hukunci a Texas ba, a 1975 kuma aka faɗaɗa dokar zaɓe domin ta kare masu magana da Sifaniyanci. Wannan ƙa'ida da ta buɗe musu ƙofa ita aka juya a kan Chamorro. Guam ta kafa asusun filaye a 1975 domin ba 'yan asali hayar fili ta shekara 99 a kan dala ɗaya a shekara, sai gwamnatin tarayya ta kai ƙara a 2017 tana cewa wariya ce. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta soke shirin ƙuri'ar jin ra'ayi a kan makomar tsibirin saboda an keɓe ta ga 'yan asali, alhali Guam tana cikin yankuna 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta lissafa a matsayin waɗanda ba su samu mulkin kai ba. Ɗan Hisfanik yana neman a daidaita shi da kowa a cikin gida, Bachamore kuwa yana tambayar wanda ya mallaki gidan tun farko, kuma kotunan Amurka tambayar farko kaɗai suka saba amsawa.

Idan har dole sai an kwatanta, to Puerto Rico ce ƙawar Guam, domin yarjejeniya ɗaya ta kawo su, hukunci ɗaya ya ɗaure su, talauci a can ma ya kai wajen kashi 40 cikin 100. Amma ko a nan yawa ya raba su. 'Yan Puerto Rico fiye da miliyan biyar suna zaune a jihohi, sun taru a New York da Florida da Pennsylvania inda ƙuri'arsu take da nauyi, suna da 'yan majalisa na jininsu masu cikakken iko, tsibirin kuma ya yi ƙuri'ar raba gardama a kan matsayinsa sau da dama tun 1967. Chamorro na jihohi sun warwatsu, babu mazaɓa ɗaya da za su iya juyawa. A 1982 mutanen Guam suka zaɓi a ba su matsayi mai faɗin ikon cin gashin kai irin na maƙwabtansu na Arewacin Mariana, a 1987 suka amince da daftarin dokar, aka kai shi Washington, aka riƙa gabatar da shi majalisa bayan majalisa har cikin shekarun 1990, ba a taɓa zartar da shi ba.